Tambayoyin da malamai ke yawan yi mini kan kayan koyarwa na kyauta a intanet

Ni malamin kimiyya da lissafi ne a wata ƙaramar sakandare a nan Jos, na kai shekara goma sha ɗaya ina shaƙar ƙurar alli. Harkar koyarwa da waya kuwa korona ce ta jefa ni ciki, da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 muka yi wata da watanni a gida ba aikin fari ba na baƙi, sai na shiga tone-tone a waya. Tun daga nan duk wanda ya ji ƙishin-ƙishin ɗin wata manhaja ni yake tarewa, a sitaf rum, a bakin masallaci, har a cikin keke a hanyar Bauchi Road wata malama ta taɓa tsare ni da tambaya sai da na wuce inda zan sauka. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne kullum shi ya sa na ce bari in tara su wuri guda in huta da maimaici. Abu ɗaya kafin mu shiga, kalmar manhaja tana da fuska biyu a bakinmu malamai, akwai manhajar karatu ta hukumar NERDC akwai kuma ta waya wadda yara ke ce wa af, to a nan in na ce manhaja kawai ta wayar nake nufi.

Malam, ajinmu ko soket babu, tagar ma rabinta kwali ne. Wannan zancen ya shafe ni kuwa?

Kai ya fi shafa ma. Da an ce fasaha a aji sai hankalinmu ya tafi kan makarantun masu hannu da shuni na Maitama da Asokoro, kowane yaro da tablet ɗinsa, allo mai haske a bango, iska na busawa. Mu ba da wannan za mu auna kanmu ba. Wayar da ke aljihunka ko Tecno ce ko itel mai tsagaggen gilashi, in dai Android ce tana buɗe Chrome to ka mallaki abin farawa. Kuma yawancin aikin ba a gaban yara ake yinsa ba, a gida ne bayan isha'i, ka kalli yadda wani ya yi bayanin darasin nan da kai kanka yake ba ka wuya, ka sauke hoto ɗaya, ka shirya tambayoyi biyar, gobe ka shiga aji da allinka kamar kullum amma kanka a cike. Ni zangon farko ko sau ɗaya ban fito da waya a aji ba, amma yadda nake bayanin juyin duniya da rana ya canza, don a lokacin ne na gane ashe haddar abin na yi tun ina kwaleji ban taɓa fahimtarsa ba.

Wai da gaske kyauta ne ko dai akwai lauje cikin naɗi?

Kashi uku ne. Akwai kyauta tsantsa, na jami'o'i da ƙungiyoyin da ba riba suke nema ba, irin su Khan Academy da PhET da Kolibri da Kiwix da Scratch da African Storybook, su ba za su taɓa tambayarka kati ba. Akwai kuma na ɗanɗano, kamar yadda mai tsire ke yanko maka ɗan ƙarami don ka sayi na dubu, irin su Kahoot da Plickers da ZipGrade da Canva, suna ba ka wani ɓangare kyauta sauran sai ka biya, kuma gaskiya ɓangaren kyautar yakan ishi malami irina. Canva ma suna da tsari na musamman na malaman firamare da sakandare da ba a biya, sai dai za su nemi shaidar cewa kai malami ne.

Na ukun su ne 'yan damfara. Za ka ga an turo wai ana raba wa malamai laftop kyauta, cika fom ka tura wa mutum ashirin, can ƙasa sai a ce sa BVN ɗinka. Banza ba ta kai zomo kasuwa malam. Duk inda aka ce gwaji kyauta ne amma sa lambar ATM tukuna, rufe shafin ka yi gaba.

Data fa? Albashin da ba ya kai mu ashirin ga wata ne za mu sayi data da shi?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce gaskiya, ballantana tun da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Ni dokata ɗaya ce, kada ka taɓa dogara da netwok a cikin aji. Na koyi wannan ne da wuya. Akwai ranar da na aro furojekta wajen wani abokina, na ɗauko ta a keke tun sassafe cikin sanyin Disamba na Jos, na toshe tagogi da labule, yara sun cika har da na wani aji suna leƙe, na danna bidiyo sai ƙwallon nan ya hau juyawa, ya yi ta juyawa, minti goma muna kallon da'ira, yana fara motsi kuma aka ɗauke wuta. Wani yaro daga baya ya ce malam fim ɗin ya ƙare? Ajin ya tuntsire da dariya ni kuwa gumi nake a cikin sanyin nan.

Tun daga ranar komai saukewa nake a gida. Ka sayi datar dare da kamfanonin waya ke sayarwa da araha, ka sauke bidiyo a 360p, a kan fuskar waya ba za ka ga wani bambanci da babban ba. Ku haɗa kai ku huɗu ko biyar, wannan ya sauke na lissafi wancan na Turanci, da safe ku tura wa juna ta Xender ko Quick Share ba ko sisi. Ka shiga saitin WhatsApp ka kashe saukar da hotuna da bidiyo da kansa, ka hana Play Store sabunta manhajoji in ba a kan wayifai ba, waɗannan biyun su ne ɓerayen da ke cinye data mutum yana barci. Sannan ka nemi memori da fawa banki, sun fi maka furojekta amfani.

Ni kimiyya nake koyarwa kuma lab ɗinmu sai suna, me zan ɗauka?

PhET, ba sai na yi dogon tunani ba. Jami'ar Colorado da ke Boulder a Amurka ce ke yinsa, wani masanin fiziks Carl Wieman wanda ya ci kyautar Nobel a 2001 shi ya kafa shi a 2002. Ba bidiyo ba ne da za a zauna a kalla, gwaji ne da kake taɓawa da yatsa abu ya faru. Kowane ɗaya akwai wurin saukewa a shafinsu, 'yan megabait ne kaɗan, kuma in ya sauka yana buɗewa ba data.

Wanda na fi so shi ne Circuit Construction Kit, na haɗa wutar lantarki. Yadda nake yi, ina jingina wayar a kan tebur da dasta, in kira yara layi-layi su goma goma, sauran suna zana abin da na sa a allo. Akwai batir akwai waya akwai ƙwan fitila da makunni, kana jawo su kana haɗawa, ƙwan ya kama. Sai in ce wa zai sa mana kwabo a tsakani mu gani, a sa, fitila ta kama, a cire a sa abin goge fensir, ta mutu, shi ke nan darasin abin da wuta ke bi da wanda ba ta bi ya zauna ba tare da na rubuta ma'anarsa sau uku an maimaita ba. Rannan wata yarinya da ba ta cika magana ba ta haɗa kan batir da gindinsa da waya ɗaya ba ƙwai a tsakani, sai ga wuta ta kama batirin a fuskar wayar, ta ja da baya da sauri har tana taka na bayanta. Wani yaro da babansa mai wayarin ne ya ce malam ai wannan shi ne shot ɗin da Baba ke faɗa! Daga nan muka shiga dalilin da ya sa ake sa fis a gida, da dalilin da ya sa in ƙwan ɗaki ya ƙone na tsakar gida ba ya mutuwa. Gani ya kori ji. Amma fa in kana da batir na gaske da 'yar waya da ƙwan tocila ka kawo su ma, na cikin wayar ba ya maye gurbin abin da yaro ya riƙe da hannunsa.

Na lissafi fa?

GeoGebra da Khan Academy. GeoGebra wani ɗan Ostiriya Markus Hohenwarter ne ya fara shi yana ɗalibi a jami'ar Salzburg, manhajarsa ta waya tana aiki ba data. Ka rubuta y = 2x + 1 layin ya fito nan take, ka canza 2 zuwa 5 yara su ga layin ya miƙe tsaye, ka sa masa alamar ɗebewa ya kwanta ta ɗaya gefen. Abin da zai ci maka rabin firiyod kana zana shi da rula a allo.

Khan Academy kuwa Salman Khan ne ya kafa ta a 2008, kuma a'a, ba na fim ɗin Indiya ba ne, kullum sai an tambaye ni, wannan ɗan Amurka ne da ya fara da koya wa 'yar'uwarsa lissafi daga nesa. Matsalarta biyu a wajenmu. Jerin azuzuwan na Amurka ne, don haka kada ka nemi JSS 2, ka nemi sunan darasin da ke cikin sikim ɗinka. Sannan Turancin yana yi wa yaranmu sauri, ni dai nawa nake ɗauka, in kalla in fahimta in zo in juya shi da Hausa da Turancin da suka saba ji.

Malam ni 'yar firamare ce, aji biyu, yaran ko Hausa ba su iya karantawa ba balle Turanci. Akwai nawa?

Malama naki ya fi na kowa yawa. African Storybook, wata ƙungiya ce ta Afirka ta Kudu mai suna Saide ke kula da shi, akwai labaran yara masu hotuna da Hausa, an jera su mataki-mataki daga mai kalma ɗaya-biyu a shafi har zuwa mai sakin layi. Akwai StoryWeaver na Pratham Books a Indiya, akwai Global Digital Library, akwai Bloom, duk za ki samu Hausa in kin zaɓi harshe. Abin daɗin shi ne lasisinsu a buɗe yake, an yarda ki sauke ki buga ki yi fotokwafi ki raba, ba satar fasaha ba ce. Ki karanta kafin ki kai aji dai, don wasu Hausar Nijar ce, wasu kuma fassara ce da ba ta nuna ba. In kin ga wanda bai yi miki ba, a African Storybook da StoryWeaver kina iya gyara fassarar da kanki ko ki rubuta naki labarin, da sunayen da yaranki suka sani, da dankalin turawa da acca da kasuwar Farin Gada a ciki.

Kuma ki sa Hausa a madannin Gboard don ki samu ƙ da ɗ da ɓ. Yaron da ke koyon karatu bai kamata a rubuta masa kofa ana nufin ƙofa ba, ko a bar shi yana lalube tsakanin baki da baƙi.

Babu wani na gida ne, duk sai na Turawa?

Akwai Nigeria Learning Passport, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF da Microsoft suka ƙaddamar da shi a 2022. Amfaninsa shi ne a kan manhajar karatunmu aka gina shi, aji-aji kamar yadda muka sani, kuma akwai darussa da Hausa da Yarbanci da Ibo ban da Turanci. Yana da manhaja a Play Store, rajista kyauta ce. Ba duk darussan ne suka yi armashi ba a ganina, wasu kamar an karanta littafi ne a gaban kyamara, amma shi ne wanda nake fara nuna wa iyaye don ba sai na yi dogon bayani ba.

Yara 68 ne a ajina, waya ɗaya. Wannan Kahoot da ake ta zuzutawa ta yaya?

Manta da Kahoot, shi gasar tambayoyi ce a waya, sai kowane yaro ko kowane rukuni yana da waya da data. Naka shi ne Plickers. Kati ne kake bugawa a takarda, suna ba da shi kyauta a shafinsu, akwai jerin 40 akwai na 63, kowane kati da wani baƙin zane mai kusurwa huɗu da lambarsa, gefunan an sa A, B, C, D da ƙananan haruffa. Ka rubuta tambaya a allo, kowane yaro ya juya katinsa harafin da ya zaɓa ya kalli sama, ya ɗaga, kai kuma ka tsaya a gaba ka bi ajin da kyamarar waya daga wannan bango zuwa wancan, cikin daƙiƙoƙi ka ga wa ya ci wa ya faɗi da sunansa. Kuma na kusa da shi ba zai iya satar amsa ba don zanen kowa daban ne. Da yake ajinka ya haura 63 sai ka haɗa wasu bibbiyu su yi shawara. Na kyautar tambaya biyar yake bari a kowane jeri, kuma yana ɗan shan data kaɗan. Ka buga a takarda mai kauri, kada ka yi masa laminatin mai sheƙi don haske yana hana kyamarar gani.

Abin da ya ba ni mamaki ranar farko, na gama darasin da na ɗauka ya shiga, na ce kun gane, aka amsa da ƙarfi eee malam, na yi tambaya ɗaya sai ga fiye da rabin ajin sun ɗaga amsar da ba ita ba. Shekara da shekaru ashe yara biyar na gaba ne ke amsa mini a madadin kowa.

Makin ɗin tes ne ke kashe ni. Akwai sauƙi?

In objektif ne akwai ZipGrade. Ka buga takardar amsa tasu, yara su cike da fensir kamar yadda za su yi a NECO da WAEC, ka sa amsoshin daidai a manhajar, ka riƙa ɗora kyamara a kan takardu ɗaya bayan ɗaya tana ba ka maki, ba ya buƙatar netwok wajen dubawa. Takarda 100 yake bari kyauta a wata. In kuma ɗalibanka manya ne masu waya, Google Forms yana da tsarin jarrabawa da ke yin makin da kansa, kuma horo ne mai kyau don JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, WAEC ma ta fara da masu zana ta kansu a 2024. Insha'i da tambayoyin bayani kuwa sai dai haƙuri, jan biro ne har gobe.

Google Classroom ko WhatsApp?

Ga yaran ƙaramar sakandare da firamare WhatsApp, don wayar ba tasu ba ce ta iyaye ce, kuma uwar da ba ta da imel tana da WhatsApp. Ka buɗe guruf na iyaye, ka kulle shi ya zama admin kaɗai ke turawa in ba haka ba kafin sati guda ya koma dandalin tallan atamfa da barka da Juma'a. Ka riƙa yin saƙon murya da Hausa na minti ɗaya, yau ga abin da muka yi ga aikin gida, ya fi doguwar takarda isa. Kuma kada ka manta akwai gidajen da babu babbar waya sam, duk abin da ka tura ka rubuta shi a allo ma, kada a hukunta yaro a kan talaucin gidansu.

Google Classroom, wanda ya fito a 2014, ya fi tsari nesa ba kusa ba, kowane asainmen da wurinsa da ranar rufewa, amma sai kowa yana da Gmail. Ya dace da 'yan SS 3 da ɗaliban kwaleji. Ni na fi morar Google Drive, gigabait 15 kyauta, duk lesin not ɗina da tambayoyin shekarun baya suna can, da aka sace mini waya a kasuwar Terminus ban rasa ko shafi ɗaya ba.

An kawo mana kwamfutoci suna nan a kulle suna shan ƙura, wai babu intanet. Me za mu yi da su?

Wannan yana ci mini rai wallahi. Ku nemi Kolibri, na ƙungiyar Learning Equality, don irin halinku aka yi shi. Kwamfuta ɗaya za a sa wa, a kai ta inda akwai intanet sau ɗaya a zuba mata darussan da kuka zaɓa, na Khan Academy da PhET da African Storybook duk suna ciki, ko a kwafo su a filash daga wanda ya riga ya sauke. A dawo da ita makaranta a kunna rauta ko hotspot ba tare da ko sisin data ba, sauran kwamfutoci da wayoyi su shiga ta burauza kamar suna intanet. Malami yana iya buɗe aji, ya ba da aiki, ya ga wa ya yi wa bai yi ba, kuma ana iya juya fuskarsa zuwa Hausa.

Ku ƙara da Kiwix, shi Wikipedia ne ba intanet. Na Turanci cikakke da hotuna ya kai wajen gigabait 100, amma akwai gutsattsari na lissafi ko kemistiri kaɗai, na Hausa kuma ƙarami ne ko a waya zai zauna. Sai Scratch na jami'ar MIT da ya fito a 2007 don koya wa yara kodin da jawo tubala, yana aiki ba intanet kuma akwai Hausa a harsunansa. Sai LibreOffice a madadin ofis ɗin sata da masu gyara ke sawa wanda kullum yake kukan lasisi. Wutar kuwa sai dai ku zauna da PTA a kan ɗan sola, laftop ba ta cin wuta kamar tsofaffin destop.

Wannan AI ɗin da ke rubuta lesin not, in yi amfani da shi ko ha'inci ne?

Ina amfani da shi ba zan ɓoye ba. ChatGPT ya fito a ƙarshen 2022, ga Gemini, ga Meta AI da ya shigo cikin WhatsApp ɗinmu a 2024. Yana da kyau wajen ba ka tsari da ƙirƙiro tambayoyi ashirin a minti ɗaya. Amma yana ƙarya ba ƙyafta ido, kuma bai san ajinka ba, zai ce ka raba yara rukuni huɗu kowa ya ɗauki maikuroskof. Ka faɗa masa gaskiya tun farko, yara 68, minti 40, alli da allo kawai, misalai daga Najeriya. Duk lissafin da ya ba ka ka sake yi da hannunka. Hausarsa kuma ka bi ta a hankali, na taɓa sa wani daga cikinsu ya fassara mini darasin sel na ƙwayar halitta, sai ya kawo mini ɗakin da ake tsare masu laifi, da ban duba ba da na koya wa yara cewa jikin ɗan'adam cike yake da ɗakunan kurkuku.

Mu 'yan jogurafi da soshiyal an manta da mu ne?

Google Earth. Yana shan data don haka ka ɗauki hoton fuskar waya a gida. Ka nemo Bukuru da Rayfield da Barkin Ladi daga sama za ka ga kududdufai birjik, shuɗaye da koraye, ramukan haƙar kuza ne da aka bari tun zamanin Turawa ruwa ya cika su. Na nuna wa yara wannan, da yawansu sun san kududdufi ɗaya na kusa da su da ake hana su wanka a ciki amma ba su taɓa sanin haka suke da yawa ba, daga nan zancen ma'adinai da zaizayar ƙasa da tarihin yadda garin nan ya cika da baƙi daga ko'ina ya ɓarke, har aka kaɗa ƙararrawa ba su so tashi ba.

Na ga malamai na ɗora bidiyon ɗalibai a TikTok da Facebook, akwai matsala?

Akwai. Dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta ce bayanan yaro sai da iznin iyaye ko waliyyi, kuma ko babu doka amana ce aka ba ka. Yaron da ya kasa karatu ka ɗauke shi mutane na dariya, bidiyon nan zai bi shi har ya yi gemu. Kada ka tura rizot ɗin aji gaba ɗaya a guruf, kowa ka ba shi nasa. A manhajoji irin Plickers sunan farko kawai nake sawa. Kuma malami namiji ya bar hira ta sirri da ɗaliba a waya, komai ya bi ta guruf ko ta iyaye.

Malaman Islamiyya fa?

Quran.com yana da fassarar Hausa ta marigayi Sheikh Abubakar Gumi, kuma kana iya sa aya ɗaya ta yi ta maimaituwa da muryar makaranci don masu hadda. Abokan aikinmu masu koyar da CRS su kuma akwai Littafi Mai Tsarki da Hausa a YouVersion.

Ni kaina nake so in ƙaru, ina zan dosa?

Littattafan kwasa-kwasan NOUN, jami'ar karatu daga gida mai hedikwata a Jabi, Abuja, suna nan a shafinsu kowa na iya saukewa ko ba ɗalibinsu ba ne, na sashen ilimi suna taimakawa sosai in kana shirin jarrabawar TRCN ta rajistar malamai, wadda ita ma a kwamfuta ake yi. Akwai TESSA, kayan horar da malamai na Open University ta Ingila, an rubuta shi ne don malaman Afirka masu cunkoson aji da ƙarancin kaya, cibiyar horar da malamai ta NTI da ke Kaduna ma tana cikin waɗanda aka yi aikin da su. Amma kada ka tauna taura biyu, ka ɗauki abu ɗaya ka yi zango guda da shi. Na san wani da ya cika wayarsa da manhaja goma sha biyar rana ɗaya bayan wokshof, wayar ta riƙa sandarewa, ƙarshe ya goge duka.

Firinsifal ɗinmu ya ce duk malamin da ya gani da waya a aji kuweri zai ba shi. Ya zan yi?

Kada ka yi musu da shi, yana da hujja, don mu ma mun san abokan aikin da ke ba yara rubutu su zauna suna cati har a tashi. Ka rubuta shi a lesin not ɗinka a wurin kayan koyarwa, waya da sunan manhajar, don in ya zo sa hannu ya gani da idonsa. In manhajar ba ta buƙatar data, ka sa wayar a yanayin jirgi kafin ka shiga kada kira ya shigo a tsakiyar darasi. Sannan ka same shi a ofis ka ce ranka ya daɗe ina roƙon ka leƙo ajina ranar Laraba minti goma kacal.

Haka na yi da namu, dattijo ne da ya kusa ritaya, ya zo ya tsaya a bakin ƙofa hannu a baya fuska a murtuke. Darasin lantarkin nan ne, na sa yarinyar nan ta sake haɗa shot ɗinta, wuta ta kama batir, sai ga shi ya matso har ya sunkuya kan teburin ya gyara tabarau. Bai ce komai ba ya fita. Da aka tashi ya aiko masinja a kira ni, na tafi ina ta saƙe-saƙe, ina shiga ya tura mini wayarsa a kan tebur ya ce in sa masa don jikokinsa, sannan ya rage murya ya ce, amma malam wutar nan da ke kamawa, ba za ta taɓa mini batirin wayar ba dai ko?